Inabin Kudan a Taswirar Inabin Duniya

Mutane da yawa a cikin garin Kaduna ba su san ana noman inabi a jiharsu ba. Idan suka gan shi a cikin 'yar robar nan mai murfi a manyan kantuna, ko a hannun masu talla a bakin danja, abin da ke zuwa musu a rai shi ne Afirka ta Kudu ko Masar, kuma sau da yawa sun canka daidai. Amma duk wanda ya wuce Zariya ya shiga ƙaramar hukumar Kudan, ya zaga ƙauyukan da ke kewaye da Hunkuyi, zai tarar da gonakin da aka kafa wa turaku aka ja wayoyi, inabi ya hau ya yi rumfa, manoma suna yi masa ban ruwa da rani suna jiran ya nuna. Wannan noman ne ya sa na shiga bibiyar labarin yankunan duniya da suka shahara da inabi, domin in gane dalilin da ya sa sunan wani ɗan ƙauye a Faransa yake ninka kuɗin amfanin gonarsa, alhali namu manomin yana sayar da nasa ba tare da mai ci ya san daga inda ya fito ba.

Ya kamata in bayyana matsayina tun da wuri. Akasarin yankunan da zan ambata sun yi suna ne saboda giyar da ake yi da inabinsu, ni kuwa Musulmi ne, ba na shan giya, ba na kuma kiran kowa zuwa gare ta, domin hukuncinta a addinina a fili yake. A garin nan muna zaune da maƙwabta Kiristoci, wasu suna sha, wasu kuma ɗariƙarsu ta hana su, kuma daga bakin wani abokin aikina mazaunin Barnawa, wanda ya yi karatu a Turai, na ji yadda masana suke ɗanɗana ta. Abin da ya ja hankalina shi ne ilimin ƙasa da na noma da ke ƙarƙashin wannan sana'a, saboda da wuya a sami wani amfanin gona da ɗan Adam ya tsaya ya yi wa nazarin ƙwaƙwaf, gona bayan gona, shekara bayan shekara, kamar yadda ya yi wa inabi.

Idan aka shimfiɗa taswirar duniya, za a ga cewa tsofaffin yankunan inabi sun jeru ne a tsakanin digiri 30 zuwa 50 daga layin da ya raba duniya biyu, a arewa da kudu. A arewa akwai Faransa da Italiya da Sifen da Fotugal da Jamus da Turkiyya da Kalifoniya, a kudu kuma akwai Chile da Ajantina da Afirka ta Kudu da Ostareliya. Dalilin haka yana cikin halittar itacen. Yana son sanyin hunturu da zai sa ya kakkaɓe ganye ya yi barci na watanni, sannan yana son 'ya'yansa su nuna a lokacin da rana take da ƙarfi kuma ruwan sama ya yi ƙaranci. Asalinsa ma daga cikin wannan ɗamarar yake. A ƙasar Jojiya, a gindin duwatsun Kokesas, an tono fasassun tukwane da ke ɗauke da alamar giyar inabi ta kimanin shekara 8,000 da suka wuce, kuma har yau manoman yankin Kakheti suna tsima inabinsu a cikin manyan randunan yumɓu da suke binnewa a ƙasa har wuya, al'adar da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2013. Mu kuwa muna tsakanin digiri 10 da 11, wato nesa ƙwarai da wannan ɗamara, kuma zan dawo kan wannan.

Yankin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Burgundy a gabashin Faransa. Zuciyarsa wani siririn gangaren tudu ne da ya taso daga kudancin birnin Dijon ya miƙa kimanin kilomita 60. Kusan irin inabi biyu kawai ake shukawa a can, baƙi mai suna Pinot Noir da fari mai suna Chardonnay, amma an yayyanka gangaren zuwa filaye 1,247, kowanne da sunansa da iyakarsa, kuma su ma UNESCO ta karɓe su a 2015. Waɗanda suka aza harsashin wannan rabo su ne Kiristoci masu zaman zuhudu na gidajen ibadar Cluny, da aka kafa a shekarar 910, da Cîteaux, da aka kafa a 1098. Mutane ne masu iya rubutu, masu yalwar lokaci, waɗanda gonakinsu ba sa shiga rabon gado, don haka suka yi ɗaruruwan shekaru suna lura da wane fili ne yake riga nuna, wanne ne ruwa yake kwanciya a cikinsa, wanne ne sanyin asuba yake ƙonawa, har suka kewaye waɗanda suka fi kyau da katangar dutse. Ɗaya daga cikin filayen nan, Romanée-Conti, bai kai hekta 2 ba, amma a 2018 an yi gwanjon kwalba guda ta amfanin shekarar 1945 a birnin New York a kan dala 558,000. Wannan farashi hauka ne na masu kuɗi, ban kuma ga abin yabo a cikinsa ba. Sai dai tushen al'amarin gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya riga ya ji shi: aya ta 4 a Suratur Ra'ad ta ambaci yankunan ƙasa masu maƙwabtaka da juna, da gonakin inabi da shuke-shuke da dabino, ana shayar da su ruwa ɗaya, amma an fifita wasu a kan wasu wajen ɗanɗano.

Bordeaux, a kudu maso yammacin ƙasar, darasinsa daban ne. A can kogunan Garonne da Dordogne suke haɗuwa su faɗa teku, kuma yankin Médoc da ake ji da shi a yau fadama ce mai laka har zuwa ƙarni na 17, lokacin da injiniyoyi daga Holan suka janye ruwanta. Da ruwan ya janye sai tudun tsakuwa suka bayyana, ƙasar da manomin hatsi ba zai ko kalle ta ba. Amma tsakuwa ba ta riƙe ruwa, tana ɗaukar zafin rana ta sake shi da dare, tana kuma tilasta wa saiwa ta nutsa ƙasa neman danshi. Wannan ƙa'ida ce da ake gani a duk inda inabi ya yi kyau: idan aka cika masa taki da ruwa sai ya tafi ga ganye, 'ya'yan su yi girma su yi salam, idan kuma ya ɗan sha wuya sai ya tattara ƙarfinsa a cikin 'ya'ya kaɗan masu ɗanɗano. Duk da haka ba ƙasa kaɗai ta ɗaga Bordeaux ba. Gari ne mai tashar jiragen ruwa, kuma tun daga auren Eleanor, mai mulkin yankin Aquitaine inda Bordeaux yake, da Henry, wanda ya zama sarkin Ingila, a 1152, kasuwar Ingila ta buɗe masa. A 1855, saboda baje kolin duniya da aka yi a Paris, Sarki Napoleon na Uku ya nemi a jera manyan gonakin yankin daraja-daraja, dillalai suka kasa su aji biyar bisa farashin da aka saba saye, kuma babban canjin da aka yi wa jerin tun daga lokacin shi ne na 1973, da aka ɗaga gonar Mouton Rothschild zuwa aji na farko.

Sauran wuraren kowanne da dabarar da wahalarsa ta koya masa. A kwarin kogin Mosel na Jamus, inda rana ba ta da ƙarfi, ana shuka inabin Riesling a jikin gangaren baƙin dutse mai tsananin tsayuwa domin ya fuskanci rana, kuma da hannu ake yin kusan kowane aiki. A tsibirin Lanzarote na Sifen ana haƙa wa kowane itace raminsa a cikin tokar dutse mai aman wuta, a gina masa 'yar katanga mai siffar jinjirin wata don ta tare iska. A Mendoza ta Ajantina ruwan sama na shekara bai fi milimita 200 da wani abu ba, sai dai ana janyo ruwan dusar ƙanƙarar da ke narkewa daga duwatsun Andes ta magudanai, kuma tsayin wurin yana sa dare ya yi sanyi ko da rana ta yi zafi.

Sanin ƙasa bai isa ya sa manomi ya ci moriyar sunan garinsa ba, sai an kare sunan. A 1756 gwamnatin Fotugal, ƙarƙashin ministan da aka fi sani da Pombal, ta shata iyakar yankin Douro ta kafa duwatsun alama, ta ce abin da aka noma a wajen iyakar ba zai ɗauki sunan yankin ba. A yankin Shamfen na Faransa kuwa sai da aka yi tarzoma. A 1911 manoman yankin suka fusata da 'yan kasuwar da ke sayo inabi mai araha daga wasu wurare suna sayar da giyarsa da sunan Shamfen, suka fasa rumbuna suka cinna wa gidaje wuta a garin Aÿ, har aka turo sojoji. A 1935 Faransa ta kafa tsarin doka na ƙasa baki ɗaya wanda yake fayyace iyakar kowane yanki, da irin da aka yarda a shuka, da yawan abin da hekta guda za ta bayar. Shi ya sa a yau kwalbar da attajiran Legas da Abuja suke ɓarin kuɗi a kanta ba ta isa ta amsa sunan Shamfen ba sai inabinta ya fito daga cikin hekta kusan 34,000 da doka ta zana.

Dangane da ɗanɗanawa, abin da abokin aikin nawa ya bayyana mini ya fi kama da aikin mai duba kaya fiye da zaman mashaya. Mai sana'ar yana duba launi a gaban farar takarda, ya juya kofin ya shaƙi ƙamshi, ya kurɓi kaɗan ya zagaya da shi a baki, sannan ya tofar, domin wanda zai gwada kala hamsin a wuni ba zai haɗiye ba. Abin da yake nema shi ne zaƙi da tsami da bauri da ƙamshi, da yadda suka daidaita da juna, da tsawon lokacin da ɗanɗanon yake daɗewa a harshe. Baurin daga ɓawo da ƙwallon inabin yake fitowa. Tsamin kuwa shi ne yake tona asirin yanayin wurin, saboda zafi yana ƙara sukari ya rage tsami, sanyi kuma yana riƙe tsamin, don haka gwani yakan iya bambanta abin da ya fito daga Mosel da wanda ya fito daga kudancin Sifen ba tare da ya ga takardar jikin kwalba ba. A ganina akwai burga da ƙarin gishiri masu yawa a cikin zantukan waɗannan masana, kuma tarihi ya taɓa kunyata su. A ranar 24 ga Mayu 1976 wani ɗan kasuwa Baturen Ingila mai suna Steven Spurrier ya tara alƙalai Faransawa tara a Paris, aka ɓoye sunayen kwalaben, aka gwama na Faransa da na Kalifoniya, sai ga shi na Kalifoniya sun zo na ɗaya a fari da ja duka. Daga ranar aka daina cewa ƙasa mai kyau a Turai kaɗai take.

Wannan hanyar gwaji ba ta buƙatar giya, kuma ni da ɗanyen inabi da zabibi da ruwan inabi marar maye nake yin ta. Idan mutum ya ajiye na kanti da na Kudan a faranti biyu, ya ci a natse, zai ji cewa na kanti kusan kullum ɗanɗanonsa ɗaya ne, ba shi da ƙwallo, yana da ƙarfin jiki, domin an zaɓi irinsa ne don ya jure makonni a ɗakin sanyi da cikin jirgi. Na gida kuwa yakan bambanta daga wannan saye zuwa wancan. Wani lokaci a dace da mai zaƙi da ƙamshin da na kanti bai kai ba, wani lokaci kuma a haɗu da mai tsamin da zai kashe haƙori. Dalilin na biyun sananne ne: inabi ba ya ƙara nuna bayan an yanke shi, saɓanin mangwaro da ayaba, don haka duk wanda aka tsinka da wuri saboda matsin kuɗi ko tsoron tsuntsaye, da tsaminsa zai isa kasuwa. A ƙasashen da suka riƙe wannan noma ba a yanka sai an matsa ɗigon ruwansa a wata 'yar na'urar hannu da ke auna sukari. Inabin ci yakan kai wajen kashi 16 cikin ɗari ko sama da haka kafin a taɓa shi, kuma na'urar ba ta fi ƙarfin ƙungiyar manoma ba.

Akwai wani babi a tarihin nan da ya kamata duk mai gonar inabi ya sani. A wajen 1863 aka fara ganin itatuwa suna bushewa a kudancin Faransa ba tare da an san dalili ba. Daga baya masanin tsirrai Jules-Émile Planchon ya gano wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai suna filoksera yana tsotsar saiwar, ƙwaron da ya shigo daga Amurka a jikin dashen da aka ɗauko. Tsakanin 1875 da 1889 abin da Faransa take samarwa ya faɗi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, ƙauyuka suka watse, annobar ta bazu zuwa sauran Turai. An gwada guba, an gwada cika gonaki da ruwa, amma maganin da ya tsaya shi ne wanda kowane mai lambun mangwaro a nan ya sani, wato aure. Aka ɗauki gindin inabin dajin Amurka, wanda ya saba da ƙwaron, aka aura masa reshen na Turai, kuma a kan wannan gindi akasarin inabin duniya yake tsaye har yau. Abin da ya sa annobar ta yi wannan ɓarna shi ne da reshe ake yaɗa inabi, don haka gona dubu suna iya zama tsatson itace guda, cutar da ta iya ɗaya ta iya duka. Mutanen Kachia da Jaba da Kagarko ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, tunda sun ga yadda cuta ta cinye cittarsu a daminar 2023. Idan manoman Kudan duk daga hannun juna suke karɓar dashe, to tambayar wane gindi inabinsu yake kai ba tambayar wasa ba ce.

Filoksera ce kuma ta kai inabi inda ya zama alamar zalunci. Da gonakin Faransa suka mutu, Turawan mulkin mallaka suka mamaye filayen Aljeriya da shi, har ya kai wajen hekta 400,000 a shekarun 1930, ƙasar Musulmi ta zama wadda ta fi kowace ƙasa fitar da giya a duniya, alhali masu aikin gonar ba sa sha, kuma filayen da suke noma alkama ne aka ƙwace. Bayan 'yancin kai a 1962 Faransa ta janye kasuwarta, kuma a farkon shekarun 1970 gwamnatin Houari Boumédiène ta shiga tumɓuke gonakin. A Afirka ta Kudu ma, inda Jan van Riebeeck, shugaban Turawan Holan da suka fara zama a can, ya rubuta cewa an matse inabin farko a ranar 2 ga Fabrairu 1659, bayi ne suka gina gonakin Constantia da Stellenbosch, kuma an daɗe ana biyan leburori wani kaso na ladansu da giya, al'adar da illarta take bin iyalansu har yanzu. Masu tallan yawon buɗe ido a waɗannan wurare sun fi son nuna duwatsu da fararen gidaje, amma wannan ma yana cikin labarin.

Yanzu sai batun nisanmu da ɗamarar inabi. Shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa iyakar nan ba katanga ba ce. A Nashik ta jihar Maharashtra a Indiya, wajen digiri 20, babu hunturun da zai sa itacen barci, sai manoma suka maye gurbin sanyi da almakashi: suna yi masa aski sau biyu a shekara, na farko a watan Afrilu domin ya fitar da sababbin rassa, na biyu a Oktoba bayan damina domin ya yi fure, sai 'ya'yan su nuna a tsakiyar rani. Daga nan ake loda inabi zuwa Turai. A kwarin kogin São Francisco na Birazil, wajen garuruwan Petrolina da Juazeiro, a digiri 9 kudu, ana ban ruwa daga kogin ana girbi sau biyu a shekara, kuma manomi ne yake zaɓar watan da gonarsa za ta nuna ta hanyar lokacin da ya yi aski da lokacin da ya saki ruwa. Haka ake yi a Piura ta ƙasar Peru, da Dodoma ta Tanzaniya, waɗanda duk sun fi mu kusa da tsakiyar duniya. Waɗannan su ne tsaranmu, kuma wurinsu ya kamata mu je koyo kafin Faransa. Babban maƙiyin inabi a irin ƙasarmu shi ne damina, domin ruwan da ya kai wajen milimita 1,000 da ke sauka a ƙasar Zazzau tsakanin Mayu da Oktoba yana kawo cututtukan fumfuna da ke cin ganye da 'ya'ya. Babban abokinsa kuma shi ne hunturu, mai busasshiyar iska da rana mai haske da dare mai sanyi, wato abin da ake yabon Mendoza da shi.

Wani zai ce, tunda ba giya za mu yi ba, ina amfanin duk wannan? Amsar ita ce kusan rabin inabin da duniya take nomawa ba ya zama giya, kuma ƙasashen Musulmi suna da nasu yankunan inabin da suka daɗe da suna. Ɗa'ifa, wadda take kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800, an san ta da inabi tun kafin Musulunci, kuma masu karatun sira sun san cewa a wata gona a hanyarta ne wani bawa Kirista mai suna Addas, mutumin Ninawa, ya kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, inabi a ranar da mutanen garin suka jefe shi. Lardin Manisa na Turkiyya yana cika kasuwannin duniya da zabibi marar ƙwallo, kuma Turkawa suna dafa ruwan inabi har ya yi kauri kamar zuma su ajiye shi don lokacin sanyi. A Turfan, ƙasar Uigur a yammacin Sin, inda ruwan sama kusan babu shi, ana janyo ruwa ta ramukan ƙarƙashin ƙasa, ana kuma shanya inabi a inuwa a cikin ɗakunan tubali masu ɓula-ɓula da iska take ratsawa, shi ya sa zabibinsu yake fitowa kore. A ƙauyukan Afganistan ana rufe ɗanyen inabi a tsakanin kwano biyu na laka da ciyawa, a liƙe bakin, ya yi watanni bai lalace ba, babu lantarki babu firiji. Ruwan inabi marar maye kuwa wani likitan haƙori ne a Amurka, Thomas Welch, ya fara dafa shi ya rufe a kwalba a 1869, domin cocinsa ya sami abin yin jibin Ubangiji ba tare da giya ba.

Zabibi ne ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne yake warware matsalar da ke karya manomin kayan lambu a ƙasar nan, wato kaya su nuna gaba ɗaya, dillali ya taya yadda ya ga dama saboda ya san gobe za su ruɓe. Kilo huɗu na ɗanye yana ba da kimanin kilo guda na busasshe, wanda zai yi watanni a buhu, kuma duk zabibin da alhazai suke kawowa tsaraba da wanda masu gidan burodi suke saye daga waje ake shigo da shi. Iskar hunturu da take fasa mana leɓe ita ce irin wadda mutanen Turfan suke gina wa ɗakuna. Sharaɗin shi ne a sami iri marar ƙwallo, irin su Thompson Seedless wanda Indiya da Turkiyya suka dogara da shi, a kuma gwada shi a ƙasarmu a kan gindi daban-daban kafin a ce wa manomi ya zuba jarinsa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana nan kusa da Hunkuyi, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba, kuma irin wannan gwajin aikinta ne.

Saura batun suna, wanda shi ne ya fara sa ni wannan bincike. Ba sai an je Turai ba kafin a ga misalinsa. A 2013 aka yi wa masoron Penja na ƙasar Kamaru rajista a matsayin kayan da sunan wurinsu yake da kariyar doka, kuma maƙwabtanmu na Nijar sun bi wannan hanya da albasar Galmi da kilishinsu. Kafin a kai ga doka ma, kwali mai ɗauke da sunan Kudan da na ƙauyen da ranar yanka zai sa mai saye a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya san abin da zai nema idan ya dawo. Amma suna yana da nauyinsa, domin idan mutum goma suka yanka nunanne, ɗaya ya yanka ɗanye ya zuba a kwali iri ɗaya, dukansu za su biya. Mutanen Shamfen sun magance wannan da ƙa'ida mai sauƙi: kowace shekara ƙungiyarsu ta manoma da 'yan kasuwa tana ɗibar samfuri daga gonaki tana auna sukari da tsami, sannan ta sanya wa kowane ƙauye da kowane irin inabi ranar da zai fara yanka, kuma wanda yake son ya riga ranar sai ya nemi izini. Manoman Kudan suna iya farawa daga nan, da na'urar auna sukari guda, da littafin rubuta abin da kowace gona ta bayar a kowace shekara, da yarjejeniyar cewa babu kwalin da zai ɗauki sunan garin sai inabin cikinsa ya kai ma'aunin da suka amince da shi.